Kawu da Akwatin Zane-zanen Yara

Kawu ya rasu ranar Talata da sassafe, yana zaune a kan buzunsa bayan sallar asuba, carbi a hannu. Ni ina can ƙauyen da nake koyarwa ta wajen Kelle, ina rubuta kwanan wata a tablo, allon aji, sai aka kira ni a waya. Kafin in samu motar da za ta kawo ni Gure har an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba. Abin da na tarar shi ne takalma birjik a ƙofar gida, da tabarmi har bakin hanya, da mutanen da ban taɓa zaton inuwa ɗaya za ta haɗa su ba.

Da yake kowa ya san ni ce ƴar da ya riƙa, sai aka riƙa sallama da ni, ina fitowa soro ina karɓar gaisuwa. Wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ƙato mai tumbi, wanda ko gaisuwa ba ya amsawa a kasuwa, ya durƙusa yana kuka har da majina. Wani makiyayi ya taso tun daga Alakos da sandarsa a kafaɗa, ya ce shekara ɗaya tak ya yi a lakwal, makarantar boko ke nan, amma ba zai iya jin wannan labari ya zauna ba. Mai sayar da kanwa na bakin tasha ya rufe rumfarsa ya zo. Abin da ya ba ni mamaki, duk wanda ya gama cewa Allah ya jiƙan Mushe, don haka gari ke kiransa, wato malamin lakwal a bakin Faransanci, sai ya faɗa mini abin da ya zana yana yaro. Wannan ya ce raƙumi, wancan ya ce rijiyar garinsu, ɗan duwan ya ce shi kakarsa ya zana tana tatsar akuya. Ba wanda ya yi zancen lissafi ko Faransanci.

A cikin gida mata na ta kai da kawo. Inna, matar Kawu, tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe, ba ta kuka, sai dai ta riƙa tambaya ko baƙi sun ci abinci. Na shiga ɗakinsa don in ajiye jakata, idona ya sauka a kan akwatin ƙarfen nan tsanwa da ke bayan ƙofa, kwaɗonsa a datse. Na daɗe ina kallonsa. Na san makullin na cikin aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa. Amma wace ƴar halak ce za ta taɓa kayan mamaci, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Sai a ce gado ta zo ci, ba gaisuwa ba. Na ce a raina bari a yi sadakar uku, in ya so in yi wa Inna magana a tsanake. Wannan kunyar ce ta cuce ni, kuma ita ta sa nake wannan rubutu.

Bari in faɗi abin da ke cikin akwatin. Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga kwarinmu ina ƴar shekara bakwai don in yi lakwal, shi ne kuma mushen da ya fara ɗora mini alli a hannu. Ya yi sama da shekara talatin yana koyar da ƙananan azuzuwa. An so a ba shi shugabancin makaranta ya ƙi, ya ce shi da manyan takardu ba sa shiri. Kowace shekara, a makon bikin jamhuriya cikin Disamba, yakan ajiye karatu yini guda ya ce wa yara su zana masa Nijar. Da yara sun juya za su kalli taswirar da ke rataye, sai ya je ya kifa ta a bango. Ya ce ba wannan ya tambaya ba, a zana masa abin da ake gani in an tsaya a ƙofar ɗakin uwa. "Wannan ita ce ƙasar," in ji shi. "In ba ka so wannan ba, ƙarya kake ka ce kana son sauran."

Takardar zane babu ita a lakwal ɗinmu, ballantana launi. Shi ke bin magina yana roƙon buhunan siminti na takarda, ya kakkaɓe su, ya yayyanka da almakashi daidai wa daida, ya danne ƙarƙashin tabarmarsa har su miƙe. Launi kuwa gida-gida muke tattarowa: gawayi, da shunin wanki, da jar ƙasa, da lalle, da kanwa don fari. In za a yi ruwan goron da ke jikin tuta, goron gaske yake dakawa ya jiƙa. Duka a dama da ƙaro don kada su kakkaɓe. Ranar nan ba yaron da ke komawa gida da riga mai tsabta. Iyaye mata su yi ta mita a bakin rijiya, washegari kuma su ne a sahun gaba wajen kallo.

Washegarin yakan ɗaure igiya tsakanin bishiyoyin bedi, wato darbejiya, guda biyu na filin lakwal, ya rataye zane-zanen, a ɗaga tuta, a yi taken ƙasa, sannan gari ya shigo. A bayan kowace takarda ya riga ya rubuta sunan yaro da garinsu da shekara. Uwar da ta zo ko uban da ya zo, sai ya buɗe ƴar kwalbar tawada ya ce a dangwala babban yatsa ƙarƙashin sunan, shaidar an gani. Da la'asar ya kwashe duka ya zuba a akwati ya datse. Ba ya mayar wa kowa. In ka yi magana ya ce ba naka ba ne, na ƙasa ne, shi ajiya aka ba shi.

Nawa ma na ciki. A shekarata ta fari na zana kwarinmu da ke gabas da Gure, da dabinai, da rijiya, da mahaifiyata tana jan guga cikin shuɗin zani. Ba wani abin kirki ba ne, kanta ya fi jikinta girma. Amma ta zo kallo a wannan shekarar, tafiyar yini a kan jaki, ta tsaya gaban igiyar tana dariya tana rufe baki da mayafi, ta dangwala yatsanta a baya. Damina ba ta zagayo ba ta rasu wajen haihuwa. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Kwarin ma yanzu babu shi, rairayi ya cinye rijiyar da dabinan, in ka je ba ka iya nuna inda gida ya taɓa tsayawa. Duk duniyar nan, abin da ya rage wanda hannunta ya taɓa shi ne wannan yanki na buhun siminti.

Kada mutuwa ta sa in yi masa kwalliya, Kawu mutum ne mai wuyar sha'ani. Tutar lakwal shi ke wanke ta, shi ke ɗinke ta da allura in iska ta yaga ta, har faci ya so ya fi tutar yawa. In ana taken ƙasa yaro ya sosa kai, sai a sake daga farko, ko da rana ta take. Ga shi da muryar da ko jaki ya ji sai ya yi shiru ya saurara, amma shi ke ɗaga ta sama da ta kowa. Na fara aiki tare da shi a lakwal ɗaya, kuma ni da sauran ƙananan malamai mukan sunkuyar da kai don kada ya ga muna dariya.

Babban abokin gabarsa a duniya leda ce. Yana da sanda mai ƙusa a baki, da ita yake tsintar leda tun daga ƙofar gida har lakwal. Wata rana akuyar maƙwabta ta mutu, ya sa aka farke cikinta a gaban ƴan ajinsa, aka zaro baƙar leda dunƙule guda, yara na toshe hanci shi yana bayani. Baƙon da ya zo masa da tsaraba a leda, a soro ake tare shi, a juye a kwano, ya koma da ledarsa. Mahauta ma sun sani, in naman gidan Mushe ne a takarda ake ƙunshewa. Yakan ce wanda ya rera taken ƙasa da safe ya yar da leda da rana, to da safen ma ƙarya ya yi. Inna ta shigo gidan ne bayan ya ajiye aiki, da matarsa ta fari ta rasu. Ƴar ƙauye ce mai haƙuri, ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma taɓa ganin igiyar nan ta bedi ba. Dokar leda ta tarar, ta riƙe ta har ta fi shi tsanani.

Mutum ɗaya na san ya buɗe wa akwatin ba lokacinsa ba. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a unguwarmu, ɗanta ɗaya namiji ya shiga soja, aka kai shi gabas, bai dawo ba. Gawar ma ba ta gani ba. Bayan an share makoki Kawu ya aika aka kira ta, ya shimfiɗa mata tabarma a soro, ya kawo mata takardar yaron. Tuta ya zana a kan rufin ɗakinsu, babba har ta fi ɗakin, ga wata mata a gefe da tukwanenta. Tsohuwar ta riƙe takardar tun hantsi har azahar, shi yana zaune a waje yana mayar da masu sallama. Da za ta tafi ta roƙi ya bar mata. Ya ce a'a, ɗakinta na yoyo, amma duk ranar da kewa ta dame ta sorona a buɗe yake. Haka ta riƙa zuwa, ta zauna, ta kalla, ta tafi.

Wannan alherin nasa shi ya haɗa ni faɗa da shi. Na taɓa roƙonsa takardata ranar da za a kai ni ɗakin miji, na ce ba na son kwano ko tabarma daga gare shi, ita kaɗai nake so. Ya ce in ya ba mutum ɗaya gobe gari zai yi layi, kafin shekara awaki sun cinye Nijar. Na haɗiye. To da na ji labarin tsohuwar sai zuciya ta ɗebe ni, na same shi yana gyaran sandarsa, ko zama ban yi ba.

"Kawu, ka buɗe wa bare, ni ƴar ƙanwarka ka hana ni. Ashe sai ɗana ya mutu za ka buɗe mini?"

Ya ɗago ya kalle ni har na ji kunyar bakina. Ya ce, "Ita kallo take so, ke ɗauka kike so. Ranar da aka kwantar da ni akwatin duka naki ne, ke za ki ci gaba da riƙo. Kafin nan ki bar ni da ajiyata."

Daga ni sai shi a wurin, ba shaida. Na fita ina huci, na yi watanni gaisuwa sai ta waya. Ni ma ai jininsa ce, taurin kai ba a nesa na samo shi ba.

A babban hutun da ya wuce, idonsa ya riga ya yi yana, sai ya kira ni da kansa. Ya ce in zo da wayar nan tawa mai ɗaukar hoto, mu buɗe akwatin, in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ina karanta masa sunayen tunda shi ba ya gani. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ke nan yake roƙona. Ni kuwa, shashasha, sai na ga lokacin ramuwa ya yi. Na ce ina da aikin gona, a bari sai hutun Disamba. Ya ce Allah ya kai mu. Bai kai ba, saura wata guda.

Ranar sadakar uku baƙi sun yi yawa har aka raba girki gida biyu. Ni aka tura gidan maƙwabta kan tukunyar tuwo tun asuba, waina kuma a gidan Kawu ake toyawa. Da hantsi malamai suka yi addu'a aka shafa, aka fara rabo. Tire-tire na fita, a ba na zaune, a aika gida-gida, a kai tasha da kasuwa da ƙofar likita, don Kawu na kowa ne. Ina goge zufa wata ƙawata ta miƙo mini ƙunshi, ta ce in sa wani abu a cikina. Na buɗe. Waina uku ce da zafinta. A ƙarƙashinta ga rabin raƙumi da jar ƙasa, mai ya ratsa shi har ina ganin rubutun Kawu ta baya.

Ban san lokacin da na isa gidan ba, ko takalmi babu. Akwatin na tsakar gida a wangale kusa da tanda. Mata huɗu na zaune kewaye da shi, suna yaga kowace takarda biyu, manya kuma huɗu, suna ƙunshewa suna jefawa a tire. Abin da ya rage a gindin akwatin bai kai cikin tafi biyu ba. Na ture su na faɗa a kai na rungume. Daga baya aka gaya mini cewa a sama takardu ne farare waɗanda bai kai ga rabawa ba, da su aka fara. Da aka iso masu zane, wata ta ce ai na ƴan lakwal ne. Wata babba ta ce mai su ya tafi, gara su yi masa amfani, ladan ya isa kabarinsa. Ba wadda ta musa, don haka muka taso muka ga ana yi da kayan mamaci. Biyu daga cikin matan nan ma ɗalibansa ne, nasu na ciki.

Inna ta leƙo daga bakin ƙofa. Ta ce, "Da leda suka zo, ƴata. Na ce ba za a raba sadakarsa a leda ba, ko yana kabari sai ya ji. Shi ne na tuna yana da takardu yankakku."

Abin da na faɗa mata ba zan maimaita duka ba. Na ce ta yi shekara goma a gidan ba ta san mijinta ba. Na ce ta binne mini uwa. A gaban ƴan makoki na faɗa, ga mace mai takaba, kwana uku da rasa miji. Ta saki labule.

Na ɗauki kwando na shiga gari. Na roƙi liman ya yi sanarwa bayan azahar, cewa duk wanda aka ba wainar sadakar Mushe ya taimaka ya dawo da takardar. Ɗan duwan ya hau babur ɗinsa ya nufi tasha, mai kanwa ya bi rumfunan kasuwa. Ni kuma ina bin gida-gida ina sallama, ina tona juji da hannuna, malamar lakwal guda, iyayen yaran da na taɓa koyarwa na kallo. Amma wa ke duba takardar waina? Ka ci, ka goge hannu, ka yar. Wasu an hura wuta da su, wasu na ciro su daga bakin awaki, wasu matafiya sun wuce da su Damagaram. Na tsaya a bayan gari na ga iska na mirgina waɗansu a kan tudun rairayi, na bi su da gudu har na faɗi. Wani magidanci ya kawo mini rabi yana kuka, ya ce na ƙanensa ne da ya rasu, ya ga sunan bayan ya gama ci. Kafin magariba kwandon bai yi rabi ba, yawancinsu kuma mai ya narkar da launin.

Gidan tsohuwa mai daddawa na bari ƙarshe, don ban san da bakin da zan shiga ba. Na tarar har labari ya riga ni. Tana zaune gaban murhu. Ta ce an kawo mata nata ƙunshin, ta ci, ta yi masa addu'a, ta jefa takardar a wuta ba ta duba ba. Ta kalli tokar ta ce, "Wa ya sani ko nasa ne aka ba ni." Na tona kwandon a gabanta har ƙasa, ba tuta a kan rufin ɗaki. Ita ta riƙa ba ni haƙuri, ni da na zo ba ta.

Kwana biyu Inna ba ta sa komai a bakinta ba. Na shiga na durƙusa na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun ban fita ba, amma ta ƙi kallona. Can ta ce bai taɓa nuna mata ko ɗaya ba. In ta tambaya ya ce takardun aiki ne. In tsohuwar nan ta zo, ita ta ɗauka wasiƙar gwamnati yake karanta mata. Ta ce da wani ya ce mata ko da kalma ɗaya, da ta kwana a kan akwatin. Nan na rasa wanda zan kama. Shi ya kulle abu shekara da shekaru har matarsa ba ta san darajarsa ba. Ni na tsaya a kan akwatin ranar Talata, makulli na rataye kusa da kafaɗata, na ji tsoron bakin mutane. Na tambaye ta ko ta ga wata mata mai shuɗin zani tana jan guga. Ta yi ta tunani, tana son ta ce mini e, amma ba ta iya ƙarya ba.

Na koma bakin aiki da kwandon. In an tashi yara nakan shimfiɗa guntayen a kan teburansu, ina neman rabin da zai haɗu da rabi. Kaɗan sun haɗu. Akwai rijiyoyin da yanzu ba ruwa a cikinsu, da kasuwannin da suka tashi, da kurmin goruba a inda yau ko ciyawa babu. Ƴan ajina sun ji labari, da Disamba ta zo suka tambaye ni ko za su zana Nijar. Na raba musu takarda, suka yi, na rataye, iyaye suka zo. Da la'asar na mayar wa kowa nasa, na ce ya kai wa uwarsa ta ajiye. Ban sani ba ko daidai na yi. Wataƙila kafin shekara awaki su cinye, yadda ya faɗa. Ni dai ba zan iya riƙe ajiyar kowa ba kuma.

Nawa ban same shi ba. Abin da na samu wani ɗan yanki ne da bai kai tafin hannun jariri ba. A gabansa akwai ɗigon shuni, ko zani ne ko ruwa ne ko sama ce, Allah kaɗai ya sani. A bayansa akwai yatsa, ƙarami, da alama na mace, sunan da ke samansa ya tafi da ɗayan rabin. Iyaye mata nawa suka dangwala yatsa a gaban Kawu cikin shekarun nan? Yara nawa suka yi aiki da shuni? Duk na san wannan. Na san kuma yatsan ƴa ba ya kama da na uwa, ni da bakina na sha gaya wa yara cewa kowa da irin nasa. Duk da haka na shafa tawada a nawa na danna a takarda, na jera su, na yi ta kallo har idona ya yi zafi. Ban ga abin da zai sa in ce nata ne ba, ban kuma ga abin da zai sa in yar ba. Na naɗe shi a ƙyalle na sa a ƙasan jakata. Wataƙila uwar wani nake yawo da ita.

Kawu, ka kira ni ban zo ba. Na yafe maka kullewar, ka yafe mini jinkirin. Allah ya haskaka kabarinka gwargwadon idanun da ka buɗe, ya sa ka tarar da ƙanwarka a inda rairayi ba ya binne rijiya. In kun haɗu, ka gaya mata ajiyar ta iso hannuna, ni ce ban riƙe ba.